Yadda Ake Toshe Kafar Iska Wajen Ɗaura Bututun Shaƙar Inji

Gabatarwa

Inji ya zama abokin aikin manomi a Kudancin Jihar Kaduna. A fadamun ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Zangon Kataf da Kachia, injin ban ruwa ne ke riƙe da noman rani, musamman tun lokacin da shirin Fadama na farko ya yaɗa ƙananan injinan fetur a shekarun 1990. A Kwoi da Kagarko da sauran wuraren noman citta ana amfani da inji wajen yanka da niƙa. Tarakta kuma ita ce ke kaftun ƙasa a farkon damina.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma cuta ta halaka gonakin citta masu yawa a daminar wannan shekarar, jarin manoma da dama ya ragu. Sayen sabon inji ya yi wuya, don haka dole ne wanda ke hannu ya daɗe yana aiki.

Wannan jagora zai yi maka bayani a kan wani ɗan ƙaramin aiki da ake yawan rainawa, wato toshe mahaɗin da ke tsakanin bututun shaƙar iska da kan silinda a lokacin ɗaurawa. Ƙa'idar guda ɗaya ce: duk iskar da za ta shiga cikin inji dole ta bi ta matatar iska. Ko kai ne za ka yi aikin da hannunka, ko bakanike za ka kai wa a Kafanchan ko Zonkwa, yana da kyau ka san yadda ake yin sa daidai.

Mene ne bututun shaƙa, kuma mene ne gasket?

Inji ba ya ƙona mai sai da iska. Iskar tana shiga ta matatar iska, wadda kanikawa ke kira iyakilina, inda ake tace ƙura. Daga nan sai ta bi wata hanya zuwa kan silinda, bawul ya buɗe, fistin ya zuƙe ta. Kashi na ƙarshe na wannan hanya shi ne bututun shaƙa, wanda a gareji ake kira manifol.

Siffarsa ta danganta da irin inji:

1. A tarakta mai silinda uku ko huɗu, bututu ne na ƙarfe ko alminiyam mai rassa, kowane reshe yana kai iska ga silinda guda.
2. A injin niƙa na dizal mai silinda ɗaya, gajeren bututu ne mai lanƙwasa, wanda kusoshi biyu ke riƙe da shi.
3. A injin ban ruwa na fetur, wani ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri da ke tsakanin kafireta da kan silinda. Aikinsa na biyu shi ne hana zafin inji isa ga kafireta.
4. A babur, gajeren wuya ne na alminiyam ko roba da ke haɗa kafireta da inji.

Fuskokin ƙarfe biyu, komai santsinsu a ido, ba sa haɗuwa ruf. Akwai ƙananan ramuka da tudu waɗanda ido ba ya gani. Saboda haka ake sa wani siririn abu mai ɗan taushi a tsakaninsu, wanda idan an matse shi zai cike waɗannan ramuka. Shi ne gasket, wasu kanikawa kuma su ce fakin. Ana yin sa da takarda ta musamman mai jure mai da zafi, ko siririn ƙarfe mai rufi, ko zoben roba.

Yawan iskar da inji ke shaƙa

Domin ka fahimci muhimmancin wannan mahaɗi, dubi wannan lissafi. Injin fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo 1 na fetur sarai. Wannan yana nufin kowace lita guda ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000.

Injin ban ruwa irin Honda GX160 da makamantansa yana da silinda mai cin sisi 163. Idan yana juyi 3,600 a minti guda, yana shaƙa sau 1,800, wato a lissafi kusan lita 290 na iska a kowane minti, fiye da cikin duro guda. Tarakta Massey Ferguson 375 tana da injin Perkins mai cin lita 3.86. Idan tana juyi 2,000 a minti, za ta zuƙi kusan lita 3,800 a minti guda, wato wajen lita miliyan 1.8 a aikin awa takwas.

Idan ɗan kaɗan daga wannan iska ya sami kafar da zai shiga ba tare da an tace shi ba, to, ƙurar da ke cikinsa kai tsaye za ta wuce cikin silinda. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Illar kafar iska a injin fetur

Kafireta tana auna fetur ne gwargwadon iskar da ta ratsa ta cikinta. Iskar da ta shiga ta kafar da ke bayan kafireta ba a auna mata fetur ba, sai haɗin ya zama iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Matsalar ta fi bayyana idan an sassauta totur, domin a lokacin ne zuƙar da ke cikin bututun ta fi ƙarfi. Ga alamomin da za ka lura da su:

1. Inji yana wuyar tashi, ko ba ya zama sai an bar cok a rufe ko rabi-rabi.
2. Ƙararsa tana hawa tana sauka ita kaɗai, kana ganin sandar gwamna tana kai da komo.
3. Ba ya zama a silo, ko dai ya mutu ko ya riƙa gudu fiye da kima.
4. Yana ɗaukar zafi da wuri, wani lokaci yana tari ta kafireta ko harbi ta salansa.
5. Idan ka cire fulogi za ka ga bakinsa fari fat kamar toka, maimakon launin ƙasa-ƙasa na inji mai lafiya.

Idan aka ci gaba da aiki a haka, zafin zai iya ƙone bawul ko ya cinye saman fistin. Sau da yawa manomi yakan sayi sabuwar kafireta ko ya yi ta canza fulogi, alhali laifin yana ga gasket.

Illar kafar iska a injin dizal

A nan ne haɗarin ya fi girma, domin ɓarnar ba ta da ƙara. Injin dizal irin na tarakta da na niƙa ba ya haɗa mai da iska a waje. Iska zalla yake shaƙa, sannan nozul ya fesa mai a cikin silinda. Don haka ko da akwai kafa a bututun shaƙa, injin zai ci gaba da tashi da aiki kamar ba abin da ya faru.

Amma ƙura tana shiga. Yawancin ƙurar gona da ta hanya tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ya haɗu da man inji sai ya zama kamar samfefa, yana goge ringi da bangon silinda da hannun bawul a kowane juyi. Sai bayan makonni ko watanni alamomi za su fito:

1. Inji ya fara shan baƙin mai.
2. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita ta salansa.
3. Huci yana fitowa da ƙarfi ta bututun numfashin inji ko ta bakin zuba mai.
4. Ƙarfi ya ragu, tashi da safe ya yi wuya, musamman da sanyin hunturu.

Idan abu ya kai nan, babu magani sai a sauke inji a sake ringi, wataƙila har da fistin da hannun riga na silinda. Kuɗin wannan aiki ya ninka kuɗin gasket sau da yawa, ban da kwanakin aikin da za a rasa.

Tarakta mai tabo, wato na'urar da ke tura iska da ƙarfi cikin inji, ta ɗan bambanta. A bayan tabo iskar fita take yi ta kafar. Za ka ji shewa idan an taka totur, ka ga baƙin hayaƙi da raguwar ƙarfi, da alamar mai a gefen mahaɗin. Haka kuma, a wasu injinan motocin ɗaukar kaya ruwan lagireto yana ratsawa ta jikin manifol. Idan gasket ɗinsu ya lalace, ruwa zai riƙa raguwa, wani lokaci kuma man inji ya koma kamar madara.

Abin da ya sa injinan wannan yanki ke buƙatar ƙarin kula

Na farko, ƙura. Haƙar citta da yankanta da shanyarta suna faɗowa ne daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu. Noman rani da sussukar masara da dawa su ma a lokacin hazo ake yin su. Watannin da inji ya fi aiki su ne watannin da iska ta fi ƙura. Injin niƙa kuwa kullum a cikin ƙurar gari yake.

Na biyu, laima. Daminar Kafanchan da Kagoro doguwa ce, takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba. Injin ban ruwa da aka ajiye tsawon waɗannan watanni yakan yi tsatsa a fuskokin ƙarfe, takardar gasket ta jiƙe ta bushe har ta yi rauni, tiyon roba ya tsattsage. Zanzaro ma yakan gina ɗakinsa na laka a cikin duk bututun da aka bari a buɗe.

Na uku, girgiza. Injin dizal mai silinda ɗaya yana jijjiga sosai, ga nauyin matatar iska rataye a kan gajeren bututu. Sannu a hankali kusoshi sukan saki. Ɗaukar injin ban ruwa a bayan babur kullum zuwa fadama shi ma yana sassauta noti.

Kayan da za ka tanada

1. Sabon gasket wanda ya dace da lambar injinka. Ka tafi da tsohon ko lambar inji wurin mai sayar da kayan gyara.
2. Sufanu da soket masu daidai da kan kusoshi. Ƙananan injina yawanci lamba 10 ne, manya kuma 12 ko 13 zuwa sama.
3. Sufanar auna ƙarfin ɗauri, idan ana iya samu.
4. Abin kankara na roba mai tauri ko katako, da sabuwar reza.
5. Tsummoki masu tsabta waɗanda ba sa zubar da zare.
6. Rula ta ƙarfe miƙaƙƙiya, gilashi mai kauri, da samfefa mai laushi.
7. Ɗan fetur ko tina na goge maiƙo, da ruwan sabulu a gora.

Matakan ɗaurawa

Mataki na 1: Shirya wuri da inji. Ka bar inji ya huce sarai. Ka rufe famfon mai, ka cire hular fulogi, a tarakta kuma ka cire wayar batir. Kada ka yi wannan aiki a fili ranar da ake iska da ƙura, ko a kan yashi. Ka shimfiɗa buhu mai tsabta a inuwa. Ka wanke bayan inji kewaye da mahaɗin kafin ka kwance kusa ko ɗaya.

Mataki na 2: Kwancewa. Ka sassauta kusoshi kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. Ka jera duk abin da ka cire bisa tsarin da ya fito, kowanne fuskarsa tana kallon inda take kallo a jikin inji. Idan kana da waya mai kyamara, ɗauki hoto. Idan bututun ya manne, ka bubbuga shi da katako. Kada ka cusa sukundireba tsakanin fuskokin biyu, domin zai bar rauni wanda gasket ba zai iya cikewa ba.

Mataki na 3: Toshe ramuka. Da zarar bututun ya fita, ka cusa tsumma mai tsabta a kowane ramin shaƙa na kan silinda, ka bar jelarsa a waje. Ka ƙirga yawan tsummokin. Washa ko noti guda da ya faɗa ciki ya isa ya fasa fistin.

Mataki na 4: Kankare tsohon gasket. Ka cire duk wani ɓurɓushi na tsohon gasket da tsohon gam daga fuskokin biyu. A kan alminiyam ka yi amfani da roba ko katako kawai. A kan baƙin ƙarfe za ka iya sa reza a kwance, a hankali. Ka jiƙa tsohon gasket kafin kankara, kuma kada ka hure ƙurarsa da baki, domin waɗansu tsofaffin gasket suna ɗauke da asbestos, wanda ke cutar da huhu. Bayan haka ka goge da tsumma mai ɗan fetur, nesa da wuta, ka bari ya bushe. Ka tsane mai ko ruwan da ya kwanta a ramukan kusoshi, ka goge zaren kusoshin.

Mataki na 5: Duba miƙewar fuska. Ka ɗora gefen rula a kan fuskar bututun, a tsaye da kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, ka ɗaga ta wajen haske. Kaurin reza mai baki biyu kusan milimita 0.1 ne. Idan reza ta shige ƙarƙashin rula a ƙaramar fuska irin ta kafireta ko ta injin niƙa, fuskar ta lanƙwashe. Ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ka riƙa goga fuskar a kai cikin siffar lamba 8 har sai ko'ina ya yi haske iri ɗaya, sannan ka wanke ta tas. Dogon manifol na tarakta idan ya lanƙwashe sai a kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe. Ka kuma duba tsaga, musamman kusa da ramukan kusoshi. Faifan roba ko wuyan roba da ya tsage ba ya gyaruwa, sai dai a sake shi.

Mataki na 6: Gwada sabon gasket. Kafin ɗauri, ka ɗora shi ka gani. Ramukan kusoshi su dace, bakinsa kada ya leƙo cikin hanyar iska, kuma kada ya rufe wani ƙaramin rami. Wasu gasket suna da gaba da baya, wasu suna da rubutu ko alamar sama. Idan manifol na shaƙa da na hayaƙi suna gefe ɗaya kuma gasket guda suke amfani da shi, to, tare ake sake su.

Mataki na 7: Cire tsummoki. Ka zare su a hankali don dattin da suka tare ya fito tare da su. Ka ƙirga, ka tabbata adadin ya cika, ka haska tocila cikin kowane rami.

Mataki na 8: Ɗauri. Ka sa bututun a miƙe, kada ka ja shi a kan gasket. Ka fara ɗaura dukkan kusoshi da yatsu har su zauna. Kusar da ta ƙi shiga da hannu, zarenta ya hau ba daidai ba, kada ka tilasta ta da sufana. Daga nan ka matse a zagaye uku: na farko kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin, na biyu kashi biyu cikin uku, na uku cikakke. A dogon manifol ka fara da kusoshin tsakiya, ka riƙa fita zuwa gefe, dama da hagu, sama da ƙasa. A mahaɗi mai noti biyu ka riƙa juya wannan kaɗan, ka juya wancan kaɗan.

Wane ƙarfi ya isa?

Littafin da ya zo da inji shi ne alƙali. Idan babu shi, ƙa'idar da aka saba ita ce kusa mai kaurin milimita 6 tana ɗaukar kimanin Nm 9 zuwa 10, mai kaurin milimita 8 kuma kimanin Nm 22 zuwa 25. Nm 10 daidai yake da ka rataya bokiti mai lita 10 na ruwa a jikin sufana, santimita 10 daga kan kusar. Ka ga ke nan ba wani ƙarfi mai yawa ba ne, wuyan hannu kaɗai ya isa.

Yawan matsewa yana daga cikin manyan abubuwan da ke haifar da kafa. Idan aka danne noti biyu fiye da kima, kunnuwan fuskar sukan lanƙwashe, tsakiya ta ɗaga, iska ta sami hanya a daidai inda ake son toshewa. Yana kuma fasa faifan roba, ya cinye zaren alminiyam. Kada ka ƙara wa sufana bututu domin samun ƙarfi.

Maganar gam

Al'ada ce a gareji da yawa a shafe kowane gasket da gam. Ga abin da ya kamata ka sani:

1. Yawancin gasket na bututun shaƙa an yi su ne don a ɗaura su a bushe, a kan fuska mai tsabta.
2. Gam ɗin silikon na cikin tub, ja ko baƙi ko fari, ba ya jure fetur. Yakan kumbura ya saki. Kada a sa shi a kowane gefe na kafireta.
3. Duk gam ɗin da ya ɓullo waje bayan ɗauri, irinsa ya ɓullo ta ciki. Na cikin zai ɓalle ya toshe ƙananan ramukan kafireta ko ya maƙale a bakin bawul.
4. Gasket na ƙarfe mai rufi da zoben roba ba a sa musu gam ko kaɗan. Zoben roba ɗan shafin man inji ya ishe shi don ya zauna a raminsa.
5. Idan tsatsa ta ci fuskar baƙin ƙarfe ta bar ƙananan ramuka, za a iya shafa siririn gam irin wanda aka rubuta cewa yana jure mai, shafi ɗaya wanda bai kai kaurin takarda ba.

Gam ba ya miƙar da fuskar da ta lanƙwashe, kuma ninka gasket biyu ba ya maye gurbin gogewa.

Idan babu sabon gasket a kusa

Tsohon gasket na takarda ya riga ya matse, ba zai sake cike rami ba, don haka kada a mayar da shi. Kwalin sukari ko na madara ko bangon littafi kuwa yana shan fetur, ya yi laushi, ya yage cikin 'yan kwanaki. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi shi ne ka sayi fallen takardar gasket mai kaurin rabin milimita zuwa milimita 0.8 ka ajiye. Idan buƙata ta taso, ka shafa ɗan baƙin mai a fuskar bututun, ka danna ta a kan takardar don siffar ta fito. Ka fara huda ramukan kusoshi da abin huji, sannan ka yanke ramin tsakiya, daga ƙarshe ka yanke gefe. Ka tabbata ka fitar da kowane ƙaramin rami da ke jikin na asali.

Tsarin jeri a injin ban ruwa

A injin ban ruwa irin GX160 akwai gasket uku a kan dogayen kusoshi biyu. Daga jikin inji zuwa waje, jerin shi ne: gasket na farko, faifan roba, gasket na biyu, kafireta, gasket na uku, sannan gwiwar matatar iska da noti biyu. Ukun ba siffarsu ɗaya ba, kada a musanya su. A fuskar kafireta ta wajen matatar iska akwai ƙananan ramuka na iska, kuma idan gasket ya rufe su inji ba zai yi aiki daidai ba. Ka kuma mayar da ɗan tiyon numfashi da ke fitowa daga murfin bawul zuwa mazauninsa, domin idan an bar raminsa a buɗe ƙura za ta bi ta nan.

Tun daga 2023 manoma da yawa sun sauya kafiretar injinansu zuwa mai amfani da gas ɗin girki. Duk wanda zai yi wannan sauyi ya sa sababbin gasket, ya kuma tabbata noti sun kama zare sosai. Bayan haɗawa, a buɗe tukunyar gas, a shafa ruwan sabulu a kowane mahaɗin tiyo. Inda kumfa ya taso, gas yana fita. Kada a taɓa gwadawa da ashana.

Sauran hanyar iska

Gasket mai kyau ba zai yi amfani ba idan tiyon da ke tsakanin matatar iska da manifol ya tsage. Ka lanƙwasa tiyon da hannu ka duba ƙarƙashinsa da cikin lanƙwasarsa. Ka ɗaure kowane baki da maɗaurin ƙarfe mai kusa, a bayan tudun bakin bututu. Ɗauri da waya ko robar tayar keke ba ya riƙewa. Ka duba zoben robar da matatar iska ke zama a kai, da robar da ke ƙarƙashin notin murfi. A matata mai amfani da mai, ka wanke kwanon, ka zuba sabon mai daidai layin da aka shata.

Gwaji bayan ɗaurawa

Injin fetur: Ka tayar da shi ya yi ɗumi, ka buɗe cok gaba ɗaya, ka sauke shi silo. Ka ɗiga ruwan sabulu kaɗan-kaɗan kewaye da mahaɗin. Idan ƙarar inji ta canza, ko ka ga ana zuƙe ruwan, akwai kafa a wurin. Kada ka fesa fetur a jikin inji mai aiki, wuta za ta iya tashi.

Injin dizal: Kunne ba zai gaya maka komai ba, sai ido. Bayan aikin kwana biyu ko uku, ka kashe inji, ka cire tiyon da ke shiga manifol, ka goga farin ƙyalle a ciki. Ya kamata ya fito ba ƙura. Idan ka ga ƙura, ko wani layin ƙura da ya taso daga bakin wani mahaɗi, to, ta nan take shiga. Kada ka fesa fetur ko wani mai a hanyar iskar injin dizal yana aiki, domin zai iya ɗaukar gudun da ba za ka iya tsayar da shi ba. A tarakta mai tabo, ruwan sabulu zai yi kumfa a inda iska ke fita.

Bayan inji ya yi zafi ya huce sau ɗaya, ka sake bin kusoshin da sufana bisa tsarin farko, domin sabon gasket na takarda yakan ɗan kwanta.

Kulawa ta yau da kullum

1. Kowace safiya a lokacin hazo, ka duba matatar iska da maɗauran tiyo.
2. Kowane mako ka taɓa kusoshin bututun shaƙa na injin niƙa, ka ji ko sun saki.
3. Duk lokacin da aka cire kafireta don wanki, a sa sababbin gasket. Ka riƙa ajiye saiti guda a leda.
4. Kafin ajiyar damina, ka tsiyaye fetur daga kafireta, ka ɗaure bakin matatar iska da na salansa da leda, ka ɗora injin a kan katako a ɗaki marar yoyo.
5. Makonni biyu kafin fara ban ruwa ko kaftu, ka fito da inji ka gwada shi, don kada gyara ya same ka tumatir yana fure ko ruwan shuka ya sauka.

Idan bakanike ne zai yi aikin, ka tsaya a wurin. Ka nemi ya nuna maka tsohon gasket da ya cire da sabon da zai sa, ka ga fuskokin sun yi tsabta kafin a rufe, kuma a yi gwajin ruwan sabulu a gabanka.

Kammalawa

Abubuwa huɗu ne ke toshe bututun shaƙa: fuska mai tsabta, fuska miƙaƙƙiya, sabon gasket da ya dace, da ɗauri daki-daki ba tare da wuce kima ba. Aikin ba ya cin lokaci mai yawa, amma shi ne ke raba injin da zai yi shekaru yana aiki da wanda za a sauke kafin rani ya ƙare. Tun ran gini ran zane. Domin ƙarin bayani a kan irin injin da kake da shi, duba littafinsa, ko ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.